Gidan damben unguwarmu da littafin barcin Koci: abin da na gani a wata tara

Naira 7,000 nake biya duk ƙarshen wata, ban da 3,000 na rajista da na bayar ranar farko. Wata tara ke nan yanzu. Wurin tsohon gareji ne a nan Kano, tafiyar minti 15 a ƙafa daga gidanmu. An rufa masa kwano, an dabe ƙasan da siminti, an rataye buhunan naushi guda huɗu a jikin ƙarfen rufi. Ba zan faɗi sunan gidan ba, ba zan faɗi unguwar ba, domin labarin ya haɗa da sirrin yaro, kuma a garin nan in ka ambaci lungu ka ambaci mutum. Yaron ma ɗan farina ne, ko a gida ba na kama sunansa. Da izininsa na rubuta wannan. Shi ya fara karantawa, ya ce in cire abu biyu, na cire.

Irin waɗannan gidajen motsa jiki sun yawaita a gari, kuma abokan aikina mata a makarantar da nake koyarwa suna yawan tambayata ko su kai nasu yaran. Amsata ta fi ƙarfin hirar ɗakin malamai, shi ya sa na zauna na rubuta.

Bara war haka gidanmu ba ya shiguwa. Yaron shekararsa 16, yana aji biyu na babbar sakandare. A da in ka aike shi da gudu yake tafiya, sai ga shi ya koma wanda in ya yi sallama ƙannensa ke shigewa ɗaki. Ƙaninsa ya taɓa masa caja, sai mari. Ƙanwarsa ta ce ya rage ƙarar waya, sai zagi. Wata Laraba ya daki ƙofar ɗakinsu da ƙafa har sakatar ta fita, a kan an cinye masa ragowar taliya. Sau biyu aka kira ni makarantarsu a zango ɗaya, a na biyun ya fasa wa wani yaro leɓe. Abin da ke raina guda ne, kuma duk uwar da ke da saurayi a Kano ta san shi: daba. Ina shinshina kayansa, ina laluben aljihunsa ko zan ga ƙwaya ko wuƙa. Ban taɓa zama na ƙirga awa nawa yake barci ba, alhali shekarata 14 ina koyar da ilimin halittu. Wannan har yau yana ci mini rai.

Kawunsa, wato yayana, shi ya kawo shawarar gidan damben. Abbansu yana aiki a Abuja, sai ƙarshen wata yake zuwa, kuma tun a waya ya ƙi. Ya ce, “Yaron da hannunsa ke ƙaiƙayi za ku kai a koya wa naushi? Ai kun ƙara wa Barno dawaki.” Maganarsa tana kan hanya. Yaya ya roƙe shi a bari mu je mu ga mai wurin tukuna.

Yara Koci suke ce masa, ni kuwa Malam. Zai kai shekara 45, gajere ne kakkaura. Ɗan gidan mahauta ne, da damben gargajiya ya buɗe ido, wanda ake naɗe hannu ɗaya da zare a shiga fili a yi turmi uku, daga baya ya koma damben zamani na safa. Walda ce sana'arsa ta cin abinci, don haka rabin kayan wurin aikin hannunsa ne: ƙarafan ɗagawa daga tsofaffin kayan mota, wasu kuma siminti ne aka zuba a gwangwanin fenti aka soka musu bututu. A bangon da ke kallon ƙofa an rubuta hadisin nan da fenti, da Larabci da boko, cewa ba mai kayar da mutane ne ƙaƙƙarfa ba, ƙaƙƙarfa shi ne mai mallakar kansa a lokacin fushi.

Ina tsaye a bakin ƙofa na ji tambayar farko da ya yi wa yaron. “Jiya ƙarfe nawa ka kwanta?” Ya ce sha ɗaya. Malam ya ƙura masa ido ya ce, “Idonka bai ce haka ba. Sake faɗa.” Ya sunkuyar da kai ya ce ɗaya da rabi.

A tsaye na yi lissafin. Ni nake tashinsa sallar Asuba wajen 5:15. In ya dawo daga masallaci ya ɗan koma na minti 30 ko 40, sannan shirin makaranta. Duka-duka awa huɗu da 'yan mintuna, kuma ba daren jiya kaɗai ba. Daren da ake gasar Zakarun Turai yana gidan kallon ƙwallo har wajen sha ɗaya. Sauran darare kuwa jiran sha biyu yake yi, lokacin da datar dare mai araha ke fara aiki, ya shige cikin bargo da waya. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da ma'auni a 2016 cewa ɗan shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar awa 8 zuwa 10 a kowace rana. Nawa rabin mafi ƙaranci yake samu.

Abin da ya sa na biya kuɗin rajista a ranar shi ne wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta da ke rataye da zare kusa da ƙofa. Kowane yaro yana da shafinsa. Kafin ya taɓa komai sai ya rubuta ƙarfe nawa ya kwanta, ƙarfe nawa ya tashi. Wanda bai cika awa bakwai ba, ranar ba zai sa safa ya kara da kowa ba, sai dai tsallen igiya da dukan buhu, yana kallon 'yan uwansa a fili. Na tambayi Malam inda ya samo wannan. Ya ce ba a takarda ya karanta ba. Shekaru ya yi yana lura cewa yaron da bai yi barci ba shi ne ke sauke hannu ya sha naushi, kuma shi ne in an taɓa shi yake mantawa da wasa ake yi ya rufe ido da duka. Yaran suna yin ƙarya, ba shakka. Amma yana da zaure na WhatsApp da su, kuma yakan ce, “Ni na gan ka a kan waya ƙarfe biyun dare, wa ya rubuta goma a nan?”

Abin da mai walda ya gano da ido, masu bincike sun gan shi da na'ura. A wani bincike da masana Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley da na Jami'ar Harvard suka fitar a 2007, an hana wasu matasa masu lafiya barci na kusan awa 35, aka saka su a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ana nuna musu hotuna masu tayar da hankali. Akwai wani ɗan ƙulli can cikin ƙwaƙwalwa, amigdala, wanda ke buga ƙararrawar tsoro da fushi. Na waɗanda ba su yi barci ba ya fi na sauran zabura da kusan kashi 60 cikin 100, kuma alaƙarsa da sashen goshi, wanda ke taka masa birki, ta yi sako-sako. Shi kuwa sashen goshin nan ba ya gama nuna sai mutum ya haura shekara 20. Saurayi dama birkinsa bai gama ƙwari ba, sai kuma rashin barci ya zo ya ƙara kwance shi. Da na tuna wannan sai na ga sakatar ƙofarmu da wani ido daban.

Akwai kuma abin da iyaye muke kira taurin kai wanda rabinsa halitta ce. Da zarar yaro ya balaga, sinadarin melatonin da ke kawo barci yakan jinkirta fitowa da daddare, agogon jikinsa ya ja baya da awa ɗaya zuwa biyu. Ka kora shi ɗaki ƙarfe tara, ya kwanta ido biyu. Hasken waya a fuska yana ƙara tura agogon gaba, hasken safiya kuma yana jawo shi baya. A nan tsarin gidan damben ya yi mana rana ba tare da mun shirya ba. Atisaye kwana huɗu ne: Alhamis da Juma'a bayan La'asar, tunda babu Islamiyya, sai Asabar da Lahadi da sassafe. Sauran kwana ukun Malam yana ba su aikin gida, gudun minti 20 bayan Asuba maimakon komawa shimfiɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa ɗan shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa haki a kullum, kuma alƙalumanta sun nuna kusan huɗu cikin biyar na matasan duniya ba sa samu. Nawa, kafin wannan, daga A Daidaita Sahu sai benci sai katifa.

A Nuwamba ya fara, sanyi na shigowa. Makon farko da kyar yake ɗaga hannu ya ci tuwo. A mako na uku na leƙa ɗakinsu ƙarfe goma da rabi na tarar da shi ya yi barci da wayar a ƙirji, ko caji bai sa ba. Barci ɓarawo ne, in jiki ya gaji ba ya neman izini. Daga nan na sa dokar kwano: ƙarfe goma kowa ya saka wayarsa a wata tsohuwar samira a ɗakina, har da tawa, don ba zan hana shi abin da yake ganin ina yi ba. Ƙwallo kuma sai wasannin rana na Asabar da Lahadi. Daga goma zuwa 5:15 awa bakwai ne da kwata, in ya ƙara da ƙailula ta rabin awa bayan makaranta ya doshi takwas. Kakarsa da ta ji tsarin ta ce ai ba sabon abu muka zo da shi ba, Annabi (SAW) ya kasance ba ya son hira bayan Isha'i.

Daga Disamba zuwa Fabrairu ba a kira ni makaranta ba ko sau ɗaya. Fushin bai ɓace ba, amma ya samu tazara: sai ka ga ya cije leɓe ya fita waje maimakon ya kai hannu. Cin abinci kuwa ya ninka, duk mai shirin kai ɗansa ya sa wannan a lissafi, domin kwanon garau-garau ɗaya ba ya isarsa kuma. Tsoron Abbansu bai tabbata a kan namu ba, kuma ina ganin dalilin doka ɗaya ce ta gidan: duk wanda aka kawo ƙararsa ya yi faɗa a waje, wata guda ba zai taka wurin ba, in ya sake an sallame shi ke nan. A gabana aka sallami wani da ya je yana gwada abin da ya koya a kan 'yan layinsu. Da a hannun wani mai koyarwar ne wanda ke zuga yara, da maganar Abbansu ce za ta fito. Don haka mai wurin za ki fara dubawa kafin kayan wurin.

Da a nan labarin ya tsaya da na ce ku garzaya kawai. Sai azumi ya zo.

Malam ya mayar da atisaye bayan sallar Asham, daga tara zuwa goma da rabi, ya kuma ajiye littafin, wai ai kowa ya san a azumi ba a barci. Wannan shi ne babban kuskuren da na ga gidan ya yi, kuma na faɗa masa a gabansa. Motsa jiki da yamma ba ya hana barci, amma mai tsanani da aka gama dab da kwanciya yana barin zuciya na bugawa, jiki da zafi. Ga fitilu masu haske, ga kiɗa a lasifika. Yaron zai dawo sha ɗaya ido tar, sai ɗaya ya runtsa, huɗu a tashe shi sahur. Ni ma na sassauta dokar kwano saboda hidimar azumi. Aka yi Sallah, zafin Afrilu ya sauka, irin wanda ke haura digiri 40 da rana, ɗaki ya kwana yana turiri, ga ba wuta, ga sauro. Agogon da muka yi wata uku muna gyarawa ya wargaje a wata ɗaya. Amma a wannan karon bai koma faɗa ba. Shiru ya yi. Ni kuwa na ɗauka shirun nan hankali ne ya zo.

Wata Lahadi bayan Magariba aka aiko yaro wai ana sallama da ni. Na zura hijabi na fita soro. Malam ne, da kayan aiki a jikinsa, riƙe da safar damben ɗana, wadda na saya masa Naira 9,000 a gwanjon Ƙofar Wambai, wadda ko ƙaninsa bai isa ya taɓa ba. Ya ce, “Malama, ki yi haƙuri da zuwan ba-zata. Yau yaronki ya kyautar da wannan ga wani ƙaramin yaro, ya ce shi ba zai ƙara buƙatarta ba. Na ja shi gefe, sai ya ce mini, Koci, da babu ni da kowa ya huta a gidanmu. Ni ba likita ba ne. Amma muna samari na taɓa jin irin wannan maganar a bakin wani abokina, muka ɗauke ta wasa. Don Allah kada a kwana ba ki zauna da shi ba.”

Na bari ƙannensa suka yi barci. Na same shi a tsakar gida kan tabarma, yana kallon sama. A al'adarmu uwa ba ta sakewa da ɗan fari, kuma ni an yi mini tarbiyyar nan sosai. Tun da aka yaye shi ban tuna ranar da na zauna har kafaɗata ta taɓa tasa ba. A daren na ajiye kunyar. Na ce, “Zan tambaye ka abu, kuma duk amsar da ka ba ni ba zan yi faɗa ba. Kana tunanin kashe kanka?”

Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, “Umma, ba mutuwar nake so ba. So nake kaina ya yi shiru. In na kwanta abubuwa ne ke ta yawo, in na tashi kowa haushina yake ji, ni ma haushin kaina nake ji.” Sai ya fashe da kuka irin wanda rabon da in ji tun yana firamare.

Ina so duk uwa da uba su riƙe wannan: tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar yaro. An yi bincike a kai ba sau ɗaya ba, kuma abin da aka gani shi ne tambaya kai tsaye tana sauke nauyi, tana buɗe ƙofar neman taimako. Kyautar da abin da mutum ya fi so, da cewa “na zame muku kaya,” da janyewa daga mutane, da rikicewar barci, duk alamu ne da likitoci suka sani. A daren na kwashe duk magungunan gidan da maganin ƙwari na kulle a akwatina, domin irin wannan tunani yakan taso ne kamar guguwa ya lafa, kuma nesanta yaro da abin cutarwa a wannan ɗan tsakanin yana ceton rai. Na shimfiɗa tabarmata kusa da tasa. Da gari ya waye na kira Abbansu, na kira Yaya, muka nufi asibiti. A hanya muka biya ta garejin na ari littafin.

A Kano akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau. Kaduna akwai na tarayya a Barnawa, Sakkwato akwai na Kware, Maiduguri ma akwai. In abu ya zo da gaggawa, kowane sashen ba da agajin gaggawa na babban asibiti ƙofa ce, kuma lambar 112 kyauta ce. Ɗaya daga cikin waɗannan muka je. Likitar ta gana da shi shi kaɗai kusan minti 40, sannan ta kira ni. Ta buɗe shafinsa a littafin Malam tana bi da yatsa: bakwai, bakwai da rabi, bakwai, sai giɓin azumi, sai huɗu, uku, huɗu, sai layukan da bai rubuta komai ba. Ta ce ba kasafai ake kawo mata yaro da irin wannan shaida a rubuce ba.

Ita ta fahimtar da ni abin da ya kamata in gane tun bara. Ciwon damuwa a matashi ba lalle ya zo da kuka da tagumi ba, sau da yawa da rigar fushi yake zuwa, har ma'aunin da likitoci ke amfani da shi ya yarda a ƙirga saurin hasala a madadin baƙin ciki in yaro ne. Marin ƙaninsa da shirun Afrilu daga tukunya ɗaya suka fito, wancan ya zubo waje, wannan ya koma ciki. Kuma yaro mai saurin kai hannu ba tare da tunani ba ya fi zama cikin haɗari ranar da fushin ya juyo kansa.

Daga baya na koma na karanta wani nazari da wasu masu bincike a Boston suka fitar a 2018, daga amsoshin 'yan sakandaren Amurka sama da 67,000 da aka tattara tsakanin 2007 da 2015. Masu barcin ƙasa da awa 6, in aka gwada su da masu samun awa 8, sun kusa ninka su biyu wajen shiga faɗa, sun kuma ninka su fiye da uku wajen tunanin kashe kai ko yunƙurin hakan. Irin wannan nazari yana nuna abubuwan tare suke tafiya ne, kuma hanyar tana da zuwa da dawowa: damuwa tana sace barci, rashin barci yana hura damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 720,000 ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara, kuma a 2021 ita ce ta uku wajen ɗaukar ran 'yan shekara 15 zuwa 29. Kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin tamu ne. Ba ciwon Turawa ba ne. Mu dai ba ma faɗa ne.

Kuma na san abin da ke rufe mana baki. Akwai tsoron a ce ɗanka ya je asibitin mahaukata, a tuna masa ranar neman aure. Akwai masu cewa rashin tawakkali ne, ko sammu, ko iska. Akwai doka ma: sashe na 231 na kundin dokokin hukunta laifuka, wato Final Kod, da Arewa ke aiki da shi tun 1960 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Ghana ta soke irin wannan hukunci a 2023, kuma a watan Janairun shekarar ne Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Ni dai a asibiti ba wanda ya yi mana maganar laifi, magani aka yi mana. Abbansu da ya iso ya ce a haɗa da addu'a, na ce dama ban daina ba. Wanda ya hana mu kashe kanmu a Suratun Nisa'i, a ƙarshen ayar cewa ya yi Shi mai jin ƙai ne gare mu, kuma Manzonsa ya ce mu nemi magani. Muka riƙe biyun.

An ɗora shi a kan magani da ganawa duk mako biyu. Likitar ta gargaɗe ni cewa maganin yana ɗaukar makonni kafin a ga aikinsa, kuma a makonnin farko ne ake ƙara sa wa matashi ido. Na tambaye ta ko ya bar damben. Ta ce kada ya bari, a dai mayar da shi safe da La'asar. Ta kuma ce kada in ɗauka gumi zai maye gurbin asibiti. Wannan nake so masu cewa “a kai shi ya motsa jiki zai ware” su ji. Ɗana yana cikin atisaye kwana huɗu a mako lokacin da ya kyautar da safarsa.

Sauran aibun wurin, tunda kuɗinku za ku kai. Hular kariya biyu ce kacal ga yara sama da 20, safar aro kuwa warinta sai wanda ya ji, gara ki saya wa naki tasa. Banɗakin ba ya shiguwa, ruwan sha sai dai yaro ya tafi da nasa. Akwatin agajin farko babu, sai da iyaye muka yi karo-karo. Dukan kai ya dame ni ƙwarai. Ƙungiyoyin likitocin yara na Amurka da Kanada sun fito a 2011 sun ce ba su goyon bayan dambe ga yara da matasa saboda raunin ƙwaƙwalwa. Na kai wa Malam wannan, muka yi ta ja, a ƙarshe ya yarda 'yan ƙasa da 18 a jiki kawai za su riƙa kai naushi. In mai wurin da kika je ya ƙi wannan sharaɗi, ki juya da ɗanki. A bakin ƙofa akwai mai kanti da ke sayar da lemon ƙara kuzari mai sanyi, yara na fitowa da ƙishi su ɗaga. Sinadarin kafeyin da ke ciki yakan ɗauki wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, wanda ya sha ƙarfe shida da saura a jininsa sha ɗayan dare. Sannan manyan da ke zuwa ɗaga ƙarfe da daddare ba duka nake son ɗana ya zauna da su ba, na ji ana hirar ƙwayoyi da allurar ƙara ƙwanji a bakinsu. Shi kansa Malam yana da kalmar da na roƙe shi ya bari, “namiji ba ya raki.” Ya ce haka aka tashe su. Na ce masa ai shi ne ya zo soro da safa a hannu, ya fi kowa sanin inda rashin raki ke kai yaro. Bai amsa ba, amma ɗana ya ce tun daga lokacin bai sake ji ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa ba laifin wannan gida kaɗai ba ne. Ƙanwarsa shekararta 14, ita ma tana fama da waya da daddare, kuma babu awa ɗaya da aka ware wa mata a nan ko a wani wuri da za ta iya zuwa a ƙafa. Igiyar tsalle na saya mata, muna yi tare a tsakar gida bayan Asuba.

Ga wadda ta tambaye ni ko ta kai nata: ki kai, in mai wurin yana tambayar barci, yana hukunta faɗan waje, kuma ya san sunan kowane yaro har zai lura ranar da ɗaya ya canza. Ki je da kanki ki tsaya a bakin ƙofa ki saurara, kada ki aika. Ki karɓi lambarsa, ki ba shi taki, ki ce masa ko tsakar dare ne ya kira. Na gwada farashin wasu wurare biyu masu na'urorin gudu da sanyin iska, ɗaya ya ninka wannan sau huɗu, kuma a duka biyun ba wanda ya tambayi yaron komai ban da kuɗin wata.

Malam ya yi alƙawarin azumi mai zuwa littafin ba zai sauka daga ƙusa ba, atisayen yara kuma zai koma na rabin awa mara nauyi kafin shan ruwa. Na sayi fanka mai caji da gidan sauro sabo tun kafin zafi ya dawo. Ganawa da likita ta koma wata-wata, ta gaba ranar Talata ce, kuma shi ya tuna mini. Akwai ranakun da har yanzu yake tashi da nauyin rai, amma yanzu yakan zo ƙofar kicin ya tsaya ya ce, “Umma, yau ba daɗi,” in ajiye abin da nake yi.

Asabar ɗin da ta wuce an kwana ana ruwa, na ɗauka ba zai fita ba. Bayan Asuba na ji yana neman takalminsa a ƙarƙashin gado. Da zan wuce kasuwa wajen tara na leƙa garejin don in biya kuɗin wata. Yana can ƙarshe yana riƙe wa ƙaramin yaron nan buhu, wanda ya taɓa bai wa safar, yana nuna masa yadda ake ajiye ƙafa. Na ɗaga littafin na buɗe shafinsa. Ya rubuta 10:05, ya rubuta 5:20.